Hancin Yaya Myron

A garinmu Dubrava gida ɗaya ne ake shiga da baya, gidan yayana Myron Hawryluk. Duk wanda ya kawo motarsa sai ya juya ta a bakin titi, ya shigo a hankali har salansa ta fuskanci ƙofar gareji, ya kashe, ya miƙa makulli, sannan ya nemi mai rage masa hanya zuwa gida. Motar kuwa nan za ta kwana. 'Yan teburin kofi na shagon Wally sun daɗe suna tsokanarsa, wai a duk faɗin lardin Saskatchewan shi kaɗai ne mutumin da ake gaisarwa da ɗuwawu. Shi ma yakan taya su dariya, don a lokacin wasa ne na mutanen da ke bukatarsa.

Ni ce ƙanwarsa, Stefka. Tun da matarsa Pauline ta rasu ni nake dafa masa abinci, nake wanke masa kayan aiki, saboda haka abin da zan faɗa ba a shagon Wally na tsinto shi ba.

Myron bai yi nisa a makaranta ba. Mahaifinmu manomin alkama ne, kuma tun yana saurayi Myron ya fi son kwanciya ƙarƙashin tarakta a kan zama bisa kanta. Da man fetur ya yi tsada, manoma suka koma sayen ƙananan motoci masu shan dizal, don a ƙasarmu ko allura kake nema sai ka yi doguwar tafiya, sai ya bar gona ga ƙaninmu ya buɗe gareji a bayan gidansa. Bai taɓa kafa allo ba. Kowa ya san inda ake kai mota idan ta fara hayaƙi ko ta fara shan mai kamar an huda tankinta.

Aikinsa da sassafe yake yinsa, injin na sanyi ƙalau, shi ya sa dole mota ta kwana. Ba ya buɗe bonet da farko, kuma ba ya barin mai mota ya yi bayani. Da ka buɗe baki zai ɗaga maka hannu ya ce, "Yi shiru, ba kai ne marar lafiyar ba." Sai ya sa ka tayar da ita, shi kuma ya tsuguna a bayanta yana jiran numfashin farko, wato hayaƙin da za ta fara fitarwa. Idan baƙi ne, injin na samun mai fiye da iska: ko matatar iska ta toshe, ko ɓera ya yi sheƙa a ciki, ko nozul na zubar da mai ba ƙa'ida. Idan shuɗi ne, baƙin mai take ƙonawa, ringi ya cinye ke nan. Waɗannan biyun, in ji shi, ko Fada mai wa'azi zai iya ganewa.

Fari ne mai wuya. A sanyinmu kowace mota fari take fitarwa da safe, kamar numfashin saniya a bakin garke, don haka ido ba ya raba gardama. Hanci ne ke rabawa. Dizal da bai ƙone ba warinsa kaifi gare shi, yana sukar hanci, kuma wannan gyara ne da za a iya yi a natse. Amma idan ruwan lagireto ne ke kutsawa cikin injin, ruwan nan da muke haɗawa da maganin hana daskarewa, to hayaƙin zaƙi-zaƙi yake yi, kamar sukari ya zuba a kan murhu. Wannan ba ya jira. Myron yakan karɓe makulli ya sa a aljihu, ko za ka yi kuka ba zai bar ka ka hau titi da ita ba.

Shan mai ma haka yake binsa. Wani burkinsa ne ke riƙewa, wani tayoyinsa sun yi laushi, wani kuma kwalin da ya toshe gaban lagireto da shi saboda hunturu ya manta da shi har alkama ta yi kai. Bohdan Semeniuk ya taɓa zuwa yana kumfar baki, wai motarsa ta zama rijiya. Myron ya duba ta bai ga komai ba, sai ya bi shi washegari ya tarar ya bar ta a kunne a ƙofar shagon Wally tun safe har rana ta ɗaga, shi yana ciki yana gyara wa gwamnati kurakuranta. Myron ya leƙa ya ce, "Bohdan, na gano cutar. Ba motar ce ke shan mai ba, surutunka ne." An daɗe ana ba da labarin nan a garin.

Abin da ba a ba da labarinsa shi ne yadda suka mai da shi. A ƙofar coci, a wurin biki, har a maƙabarta ranar da muka binne mahaifiyarmu, sai ka ji wani ya ja shi gefe yana cewa ya zo ya ɗan shaƙa masa hayaƙin motarsa. Ba wanda ya taɓa ɗaukar shaƙar nan a matsayin aiki. A wurinsu baiwa ce, ita kuwa baiwa ta gari ce. Da hunturu kuma ƙofar gareji a rufe yake aiki, don in ya buɗe yatsunsa ba za su riƙe sifana ba, hayaƙi ya taru ƙarƙashin rufi ya sauko masa. Pauline ta yi faɗa har ta gaji. Tari ya zama masa abokin zama, idanunsa kullum suna ruwa, shi kuwa yana alfahari da cewa babu motar da ta taɓa yi masa ƙarya.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Lesia. Ta yi karatu ta zama malamar makaranta a birnin Saskatoon, ta auri Glenn Tollefson, mutum mai tsabta da ladabi wanda ke aiki a ofishin inshora, suka haifi yarinya, Nina. Myron ne ya zaɓar wa Lesia motarta, mai dizal, ya kuma kafa mata doka cewa duk wata ta kawo ta ya ji lafiyarta. Tunda sai injin ya huce ake sauraronsa, dole ta zo ranar Juma'a da yamma ta kwana. Bayan rasuwar Pauline wannan ne kaɗai daren da ake kunna fitila a ɗakin sama. Ni na sani, Lesia ma ta sani, lafiyar motar nan ƙalau. Amma tun ranar Laraba zai fara tambayata ko akwai isasshen kabeji, ko na sayi kirim mai tsami, ya hau sama ya kunna hita don ɗakin ya yi ɗumi. Bai iya cewa 'yarsa ta zo yana kewarta ba. Abin da ya iya shi ne ya ce mata bai yarda da ƙarar da motar ta yi wancan watan ba.

A lokacin kaka na fara lura da cewa hancinsa ba ya ji kamar da. Na ɗora naɗin kabeji a wuta na fita kwashe shanya, maƙwabciya ta tsare ni da hira. Da na dawo kicin ya turnuƙe da ƙauri har ƙofar waje, shi kuwa yana zaune ya ba murhu baya yana goge wata nozul da tsumma, hankalinsa kwance. Bayan kwana kaɗan ya zuba madarar da ta lalace a kofinsa ya shanye. Na fi wata biyu ina sa masa ido, sannan na yi niyyar in tabbatar. Na daka tafarnuwa na cusa a aljihun rigar aikinsa, ya yini da ita, kowa ya matso kusa da shi sai ya ja da baya, shi bai sani ba.

Da yamma na zaro ta na ajiye masa a kan tebur. Ya dube ta. Sai ya ce mura ce. Na ce murar da ta wuce wata biyu ba mura ba ce, ya je ya ga likita, kuma kafin nan ya daina yanke hukunci a kan farin hayaƙi. Ya ce in kula da tukunyata. Muka yi ta yi har na ce to ni zan gaya wa Lesia. Nan ya yi sanyi, ya ce da ni a hankali, "In kin gaya mata, Stefka, me zai riƙa kawo ta?"

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma na gaya mata. Na kira ta a waya na zayyana mata komai, har tafarnuwar. Dariya ta yi. Ta ce, "Gwaggo, ke da Baba ba kwa gajiya da faɗa? Hancin Baba fa kike magana." Da ta tambaye shi ya ce mura ce ta ɗan taɓa shi, ni kuma tsufa ya fara taɓa ni, sai suka haɗu suka mai da ni abin dariya. Na fahimci ba ta son ta ji. Ita ma ta fi son uban da hancinsa ba ya kuskure, kamar sauran mutanen gari.

Cikin watan Janairu motar Lesia ta kamu da ciwon gaske. Man da ke kai ta makaranta mako guda ya daina kaiwa, kuma da safe hayaƙi fari yake tashi a bayanta har maƙwabta suna magana. Glenn ya so a kai ta wani gareji a birni inda ake jona wa mota kwamfuta, Lesia ta ce in Baba ya ji zuciyarsa za ta karye. Suka taho su uku, suka shigo da baya kamar kullum, muka ci pirohi, dafaffen ƙullin fulawa mai cushe, da soyayyar albasa, Myron yana ta murna don wannan karon da dalili na gaskiya.

Da safe sanyi ya yi tsanani, irin wanda gashin hanci ke daskarewa. Glenn ya shiga ya tayar da mota, hayaƙi ya fito fari fat, mai kauri, ya ƙi bajewa. Myron ya tsuguna. Ina kallonsa ta taga, na ga ya daɗe fiye da yadda ya saba, yana jan numfashi yana tari, yana sake ja. Na yafa mayafi na fita da silifas. Tun daga matakala na ji shi, zaƙi-zaƙi, kamar ranar da nake dafa jam, 'ya'yan itace da sukari.

Na ce, "Yaya, ni fa zaƙi nake ji."

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Jam ɗin da ke gaban rigarki kike ji. Tun yaushe mai tuya ta zama bakanike?" Lesia ta yi dariya, Glenn ma ya yi murmushi don kada a bar shi a baya.

Duk da haka maganata ta shige shi, don ya yi abin da ba ya yi da farko: ya buɗe bonet ya duba robar ruwan lagireto. A cike take har layi. Glenn ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, akwai abu ɗaya da ya kamata—" Myron ya ɗaga masa hannu, ya ce masa ya yi shiru, ba shi ne marar lafiyar ba. Daga baya muka ji, abin da Glenn yake so ya faɗa shi ne cewa shi ke cika robar nan duk mako saboda ruwan na raguwa, kuma jiya ma kafin su taso ya cika ta. Amma shekara da shekaru ana ɗaga masa hannun nan, ya riga ya koyi haɗiye magana. Ya haɗiye. Har yau ina jin haushinsa, don mutum ne da ya gwammace a ce yana da ladabi a kan ya buɗe baki sau biyu.

Myron ya ce nozul ne, dizal ke fita bai ƙone ba, shi ya kawo hayaƙin da shan man. Ya yini ranar Asabar yana kwance su yana wankewa, yana rera waƙar coci. Na same shi a gareji na ce ya riƙe makullin nan, ya bar su su tafi da motata. Ya nuna mini robar da ke cike ya ce ga shaida, in ba ni da aiki in je in nemo. Na sami Lesia, ta ce don Allah Gwaggo a bar maganar haka, kada a ɓata wa Baba rana. Ranar Lahadi bayan coci suka kama hanya, ya ce su dawo bayan mako biyu ya sake ji.

Ba su yi rabin hanya ba hita ta fara busa iska mai sanyi. Can sai allurar zafi ta haye, tururi ya taso daga bonet, injin ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Wurin fili ne fetal, ba gida ba bishiya, waya ba ta kamawa, iska na kwasar ƙanƙara tana watsawa a kan titi. Ranar Lahadi kuwa ba kowa ke bin hanyar ba. Suka sa Nina a tsakiya suka rufe ta da rigunansu, suka zauna suna jira. Da wani mai motar ɗaukar hatsi ya tsaya ya kwashe su, yatsun ƙafar yarinyar biyu sun riga sun daskare sun yi fari. A asibiti da ƙyar aka cece su, kuma ta yi makonni ba ta taka ƙasa ba.

Injin kam ya mutu. Bakaniken da ya buɗe shi a birni ya ce gaskit ya ƙone tuntuni, ruwa na shiga inda mai ke ƙonewa, kuma duk mai hanci zai ji hakan tun daga bakin ƙofa. Ban san wanda ya ɗauko maganar nan ya kawo ta Dubrava ba, amma ta riga ni isa shagon Wally.

Lesia ta kira shi bayan kwana biyu. Ina tsaye kusa, ina jin muryarta. Ba ta yi tsawa ba.

"Baba, ka san hancinka ba ya ji?"

Ya ce, "Na sani."

"Kuma ka ga Nina ta shiga bayan motar."

Ba ta jira amsa ba. Ya daɗe riƙe da wayar bayan ta kashe, sannan ya mayar da ita mazauninta ya fita gareji.

Laifi ya yi, ban taɓa cewa bai yi ba, na kuma faɗa masa a gabansa. Amma abin da garin nan ya yi masa ba zan yafe ba. Mutanen da suka yi shekaru suna tura masa hayaƙin motocinsu cikin ƙirji kyauta, su ne suka fara tuno cewa ai tun bara ya yi wa wane kuskure, ai dama su sun daɗe da shakka. Motoci suka daina shigowa da baya, suka daina shigowa gaba ɗaya. Ranar da ya daure ya shiga shagon Wally, Bohdan ya tura masa kofinsa ya ce, "Maigida, ɗan shaƙa mini wannan, dizal ne ko ruwa?" Teburin ya fashe da dariya. Myron ya ajiye kuɗin kofin da bai sha ba ya fita. Da labari ya iso ni na je na wanke su tas, na tambayi Bohdan hancin wa ya ƙare a bayan tsohuwar akwalarsa. Wally ya ce haba Stefka, wasa ne fa. Na ce in wasa ne su je gida su yi wa iyayensu.

Daga baya ya yarda na kai shi wurin likita. Likita ya ce abin da hayaƙi ya cinye ya cinye, hancin ba zai dawo ba, huhun ma sai a lallaɓa. A hanyarmu ta dawowa bai yi zancen huhu ba, tambayata yake ko Lesia ta ce mini wani abu game da zuwa.

Sai da ƙanƙara ta narke ta ce za ta zo ranar Asabar. Tun Laraba ya fara tambayar kabeji. Ya share tsakar gida, ya kwashe tsofaffin tayoyin da ke gaban gareji don ta sami wurin juyawa, ya hau sama da kansa yana haki ya kunna hita ko da yake sanyin ya ragu. Ya sayi alewar da Nina ke so ya ajiye a kan matashi.

Ita kaɗai ta zo, wajen tsakar rana, cikin sabuwar mota mai shan fetur. Muna tsaye a bakin gareji muka ga ta rage gudu a titi. Ba ta juya ba. Ta shigo da gaba, ta tsaya fitilunta na kallonmu, salansa na kallon titi. Na ji numfashin Myron ya canja, amma ya yi murmushi ya je ya buɗe mata ƙofa.

Ta rungume shi, ta ci abinci, ta yaba miyata. Ta ce Nina na samun sauƙi, Glenn na gaisuwa. Ba ta ɗaga tsohuwar magana ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi, don ladabin da take yi masa irin na baƙo ne. Rana na karkatawa ta ɗauki jakarta da makulli.

Ya ce, "Ba za ki kwana ba? Sabuwar mota ma ana so a ji ta da safe."

Ta ce, "Ba ta bukata, Baba. In wani abu ya same ta, da kanta take kunna fitila ta faɗa."

Ta sumbace shi a kumatu, ta karɓi alewar Nina, ta ja da baya ta hau titi. Ya bi ta da ido har ta sha kwana wajen rumbun hatsi. Sai ya taka a hankali zuwa inda bayan motar ya tsaya, ya tsuguna kamar yadda ya saba, ya ja iska, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ɗago ya tambaye ni me nake ji.

Na matso na shaƙa. Na ce masa fetur ne kawai, mai tsabta, babu zaƙi babu ƙauri, lafiyar motar ƙalau.

Ya gyaɗa kai ya ce, "To babu abin da zai dawo da ita ke nan."

Na ba shi hannu ya miƙe, na kai shi ciki ya zauna, sannan na hau sama na kashe hitar.